Metir Illa da Ƙwaryar Inna Tsahara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina zaune ina jiran shayi ya huce, waya ta yi ƙara, na duba sai ga mesaj daga babbar ɗiyarsa: "Hajiya, Baba ya cika bayan sallar asuba."

Metir Illa ya rasu.

Na karanta, na ajiye wayar, na sha shayina. Ba zan yi muku ƙarya in ce na faɗi ina birgima ba. Mutumin da ya haura casa'in, ya ga tattaɓa-kunne, ya cika a kan shimfiɗarsa da kalmar shahada a baki, ba a yi masa kururuwa. Amma shayin bai yi mini daɗi ba, kuma tun ɗazu na kasa tashi daga inda nake.

Ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Da yatsa ɗaya nake bugawa, rezon waya kuma, wato sabis, yana zuwa yana tafiya.

Ga waɗanda ba su san shi ba, malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a nan Tawa tun shekarun farko bayan samun 'yancin kai. A lokacin Metir ake ce wa malamin lakwal, sunan ya bi shi har tsufa. Ni a aikin na same shi, ina sabuwar malama. Ba ɗan'uwana ba ne, ba mijina ba ne, kada wani ya fara tambaya a ƙasa. Abokin aiki ne, kuma tun daga lokacin muke gardama da shi.

Ranar da na fara shiga aji, yara suka gane tsoro nake ji, suka mai da ajin kasuwa. Ya leƙo ta taga, bai tsawata wa kowa ba. Ya shigo ya zuba allurai a kan tebur, ya faki idonsu ya cusa mini wani baƙin ƙarfe a tafin hannu, ya ce, "Ku yi shiru, Madam Rabi za ta kira alluran nan su zo." Na kai hannu, allurai suka yi tsalle suka manne. Ajin ya yi tsit. Sai da aka tashi ya gaya mini maganaɗisu ne, ya ce, "Gobe ki yi musu bayanin gaskiya, kada su je gida su ce an kawo musu mayya."

A zamanin ba a lakwal ranar Alhamis. Sauran malamai su yi wanki, su yi barci. Shi kuwa bayan la'asar sai ya rataya jakarsa ya nufi gindin wani gawo kusa da kasuwar dabbobi. Ba wanda ya sa shi. Mutane suka sa wa abin suna hirar Metir. Dillalan shanu ne, maƙera ne, dukawa ne, 'yan Maraɗi masu shaguna, da Buzayen da suka kawo raƙuma suna jiran ciniki, duk wanda ya ga dama ya zauna.

Jakar ba wani abin kirki a ciki. Kwalba, madubi, maganaɗisun nan, da wani gilashi mai ƙara girman abu. Da gilashin yake kunna busasshiyar ciyawa da hasken rana. Da goruba da lemo yake nuna yadda inuwa ke rufe wata. Kullum sai ya roƙi wani dattijo ya buɗe da addu'a, in kuma wani ya ce masa, "Metir, ai Allah ne ya yi," sai ya ce, "Shi ɗin ne kuwa. Ni dai leƙawa nake in ga yadda ya yi ɗinkin."

In an tambaye shi abin da bai sani ba, sai ya ce bai sani ba, zai tambaya. A malaman lokacinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ni ban cika zuwa ba. Wurin maza ne, kuma gaskiya ɓata lokaci na ɗauke shi. Mutum ya ga ciyawa ta kama wuta, ya yi salati, ya koma gida yadda ya fito.

Abin da ya haɗa mu aiki a wajen lakwal kurkunu ne.

Na san da yawanku ba ku taɓa ganinsa ba, to bari in faɗa. Tsutsa ce fara, siririya kamar zare, wata takan kai tsawon hannun babban mutum. Daga jiki take fitowa, galibi a ƙafa. Wurin ya yi bororo, ya yi zafi kamar an ɗora garwashi, ya fashe, kanta ya leƙo. Ba a fizge ta. A ɗan kara ake naɗe ta, kaɗan-kaɗan kowace rana, sai a yi makonni ana abu ɗaya. In ta katse a ciki ƙafa ta kumbura, wani daga nan ya gurgunce. Kuma ba ta tashi fitowa sai da damina, daidai lokacin da gona ke neman mai ita. Ƙato yana kwance a zaure yana ji yana gani ciyawa na cinye masa gero.

Wata Alhamis wani maigari daga wani gari arewa da Barmu ya zauna a hirar. Ba zan faɗi sunan garin ba, jikokinsu na nan, wasu ma suna karanta ni. Sa guda ya kawo kasuwa zai sayar, don rumbunsa ya ƙare tun kafin bazara. Ya saurari zancen wata da inuwa har ya gaji, ya ce, "Metir, bar muna wata can inda Allah ya aje shi. Hwaɗa muna mi ka kawo kurkunu. Bara gidana maza huɗu sunka kwanta, ban ga noman hwari ba."

Metir ya san amsar. Ya karanta a littafi, ya kuma tabbatar a bakin wani tsohon ma'aikacin asibiti. A ruwan tabki akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari farare, su ke ɗauke da 'ya'yan tsutsar. Mutum ya sha su bana, tsutsa ta fito baɗi. Maganin kuwa bai wuce a tace ruwa da ƙyalle mai matsattsiyar saƙa ba, sai kuma mai kurkunu ya daina tsoma ƙafa a tabki.

Da ya gaya masa, Maigari ya ce to ya zo garinsu ya faɗa wa mutane da bakinsa.

Da aka ba da hutun damina sai ga shi a zauren babana. Ya ce ruwa harkar mata ce, shi ba zai shiga cikin gidajen mutane ba, a ba shi aron Madam Rabi ta yi wa mata bayani. Baba ya yarda, da sharaɗin gwaggona da ke aure a Barmu ta san shigata da fitata. Muka hau kamiyo, babbar motar kaya, har Barmu, daga nan jakuna.

Mun iske maza a rumfar Maigari, wasu zaune, wasu kwance da ƙafafu a naɗe cikin tsumma.

Kowa ya san ba baƙo ruwa ka sha labari. Amma a garin nan abin ya fi haka. In baƙo mai daraja ne, ba a aiko yaro da ruwa. Babbar macen gida ce ke fitowa da kanta, da ƙwaryarta, ta miƙa da hannunta. Babbar gidan kuwa ita ce Inna Tsahara, mahaifiyar Maigari, kuma uwar matan garin duka. Haihuwa ita, biki ita, wankan gawa ita. Ta fito da ƙwarya fara sol mai zane, ta miƙa wa Metir da hannu biyu.

Ya karɓa, ya leƙa ciki. Na ga idonsa ya yi ƙyalli, na kuwa san wannan kallon.

Maimakon ya kai baki, sai ya jawo jaka. Ya juye ruwan a kwalba, ya ɗaga wa rana, ya ɗaga murya. "Ku matso ku gani! Ga su nan, wallahi ga su nan suna iyo!" Maza suka yi caa a kansa, har masu ɗingishi. Ya zaro hankici daga aljihu, ya shimfiɗa a bakin kofinsa, ya tace, ya sha tatacce. Sannan ya baje hankicin yana nuna wa kowa abin da ya rage a kai da gilashinsa. Fuskarsa fal murna. A ganinsa bai taɓa yin darasin da ya kai wannan ba.

Ni Inna nake kallo. Tana tsaye inda take, ba ta motsa ba.

Da hayaniya ta lafa ta ce, ba da ƙarfi ba, "Ɗan lakwal, ƙishirwa kaka ji, ko aibina ka zo nema?"

Ta ɗauki ƙwaryarta ta shige.

Na bi ta ciki don in yi aikin da ya kawo ni. Ko tabarma ba a ba ni ba. Wata surukarta ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Sarakai sun sha ruwan Inna, malamai sun sha. Ba wanda ya taɓa kiran maza su taru su ga dattin randarta sai ku." Kafin magariba hukuncin Inna ya zagaya gari: duk macen da ta ɗaura tsumma a bakin tulunta, ta yarda uwarta ƙazama ce.

Shi ke nan, magana ta mutu. Mazan sun ga ƙwarin da idonsu, amma ba namiji ke zuba ruwa a randa ba.

Washegari a kan jakuna na wanke shi tas. Na ce, "Metir, ilimi dai ka iya shi, amma hankali ka bar shi a Tawa."

Ya ce, "Amma ai kin gan su, ko?"

Na ce, "Na gan su. Na kuma ga tsohuwar da ka tsiraita a gaban ɗanta da talakawansa."

Muka isa Barmu. Gwaggona ta ji labarin ta riƙe baki. Muka kwana biyu a can yana zaune a zauren maƙwabta, ko jakar bai buɗe ba. Wata safiya ya aiko a ce mini in shirya, komawa za mu yi.

Da muka iso garin ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a ƙofar gidan Maigari, ya aika a gaya wa Inna ɗanta ya zo neman gafara. Ta bar shi a rana har gumi ya jiƙa masa riga. Sannan ta fito da ƙwaryar nan dai, cike da ruwa, sabon ɗiba daga tabki, ko kwantawa bai yi ba. Ta miƙa.

Ina bayansa. Na ga hannunsa ya nufi aljihun da hankicin yake, ya tsaya a hanya, ya dawo.

Ya yi bismillah ya kafa kai. Bai sauke ba sai da ya ga gindin ƙwaryar.

Ta ce, "Ka ƙoshi?"

Ya ce, "In da ƙari, Inna, ina so."

Ta ƙaro, ya shanye.

Mun yi 'yan kwanaki a garin, duk abin da aka miƙo masa sha yake, ruwa ko fura. Ni dai na ce musu ramuwar azumi nake, in an sha ruwa kuma in shige ɗaki in tace nawa da bakin mayafi. An ba ni tabarma wannan karon, mata suka saurare ni da ladabi, suna cewa to, to, madalla. Ba wadda ta ɗaura ko zare a tulunta.

Ranar da za mu tafi ya tsaya a rumfa ya ce wa maza, "Kun ce kurkunu jijiya ce, gadon jini ne, na 'yan garin nan ne kaɗai. To ni ubana Badamagare ne, a birni aka haife ni, ruwan rijiya na sha na girma, kaf danginmu ba wanda ya taɓa yin sa. Kun ga na sha ruwanku. Daga yau ba zan ƙara shan ruwan da ba a tace ba. Baɗi war haka ku tambayi ƙafata. Mai yiwuwa ya kama ni, mai yiwuwa Allah ya tsare, wannan ban sani ba."

Suka yi dariya, wani ya ce Allah shi ba Metir lafiya.

A hanya na ce masa wauta ce. Har yau ban canza magana ba. Mutum da mata da ɗiya ƙarama, da aji cike da yara na jiransa, ya san abin da ke cikin ruwa ya kafa kai ya sha. Ya ce, "Rabi, ba don gwaji na sha ba. Haƙuri na ba ta, kuma ba ta da wani haƙurin da za ta karɓa sai wannan. Amma tun da aikin gama ya gama, kada ya tafi a banza."

Matarsa ta daɗe ba ta amsa gaisuwata da kyau ba. A ganinta ina tsaye aka yi, da na hana. Ban ga laifinta ba.

Aka koma lakwal, aka yi kaka, aka yi rani. Hirar gindin gawo ta ci gaba kamar ba a yi komai ba. Ni kuwa duk safiya in mun gaisa sai idona ya sauka ƙasa. Sai ya ce, "Madam, fuskata tana sama."

Damina ta zagayo. Wata safiya matarsa ta aiko a kira ni. Na iske shi kwance, gumi na zuba, ya cije leɓe, bororo ya taso a saman idon sawunsa na hagu. Kuma, Allah ya gafarta masa, murmushi yake.

Ya ce, "Nemo mana kamiyo."

A asibiti an ce ya kwanta, kada ya je ko'ina. Matarsa ta yi kuka, ni na yi faɗa. Ko a jikinsa. Aka ɗora shi a kan buhuna har Barmu, daga nan a kan jaki, mutum biyu na riƙe da shi.

Lokacin noman fari ne, kuma kamar bara, rumfar Maigari cike da masu kwanciya. Aka kifa turmi aka ɗora ƙafarsa a kai. Kan tsutsar ya riga ya fito. Maza suka zagaye shi, wannan karon ba mai dariya. Wani tsoho ya sunkuya ya duba da kyau, ya ɗago ya ce, "Shi na. Kurkunu na, irin namu."

Metir ya sa aka kawo tasa, aka zuba ruwan rijiya da muka zo da shi daga Tawa, garau, kowa ya leƙa ya gani. Ya tsoma ƙafar. Ba a jima ba wani farin abu ya fara fita daga bakin ciwon yana bazuwa, kamar an ɗiga nono a ruwa.

Ya nuna tasar ya ce, "Kun ga wannan? 'Ya'yanta ne. Duk wanda zafi ya kora ya je ya tsoma ƙafa a tabki, abin da yake zubawa ke nan. Ƙwarin da na nuna muku bara su haɗiye su, ku kuma ku haɗiye ƙwarin." Ya sa aka juye tasar a kan toka mai zafi, nesa da hanyar ruwa.

Sai ga Inna Tsahara. Ba ta saba zuwa rumfar maza ba, suka dare suka ba ta hanya. Ta tsaya ta daɗe tana kallon ƙafar.

Ta ce, "Ruwana ya yi ma haka?"

Ya ce, "Ruwan tabki ne, Inna. Randarki ba ta da laifi, ƙwaryarki ba ta da laifi. Duk tsabtar mace ba ta ganin wannan abin. Tun bara ya kamata in fara da faɗin haka, ban faɗa ba."

"Ka san haka za ta zama, kuma ka sha?"

"Ke kika miƙo mini."

Ta juya, ta ce da ni, "Ɗiyata, biyo ni."

Ta aika aka tara matan gari a tsakar gidanta. Ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙunshi a cikin fata, ta kwance a gabanmu. Farin yadi ne sabo, a ninke. Ba wadda ba ta san ko mene ne ba. Likkafaninta ne. Tsofaffinmu haka suke yi, mutum ya tanadi nasa tun yana da ƙarfi, ya ajiye, don kada ranar ta zo a shiga nema. Nata ta daɗe da saye, a kan fito da shi a sha iska a mayar.

Ta ce, "Irin wanga na tacewa?"

Na ɗaga wa haske. Saƙarsa a matse take, duk garin ba ƙyallen da ya kama ƙafarsa, don abin da ke hannun mata daga saƙi mai manyan idanu sai tsummokara. Na ce, "Yana yi, Inna, amma..."

Surukanta suka ɗauki salati. Ɗaya ta riƙe mata hannu tana cewa Inna ki ji tsoron Allah.

Ta fizge hannunta, ta sa haƙori a gefen yadin, ta ja. Ƙarar yagewar ta cika gidan.

Ta ce, "In ɗiyana na tsaye bisa ƙahwahunsu, sa tahi kasuwa su sawo min wani. In suna kwance, wa za shi gina min kabarin?"

Haka ta yi ta yagawa, tana kiran mata da sunayensu ɗaya bayan ɗaya tana miƙa wa kowa nata. Ta ɗaura na farko a bakin tulunta da hannunta. Wadda jiya za ta ji kunyar ɗaura tsumma, yau ba ta isa ta mai da wa Inna likkafaninta ba. Ni aikina a ranar bai wuce nuna musu gefen da ake zubawa da yadda ake wanke shi ba.

Kada ku ɗauka daga nan kurkunu ya ƙare. Bai ƙare ba. Maza a gona ƙishirwa ta kama su sai su durƙusa a bakin tabki kamar da. Wasu matan suka yi wata guda suka gaji. Waɗanda suka riga suka sha kafin zuwanmu kuma, nasu ya fito a kan lokacinsa. Amma a gidajen da aka riƙe abin, damina na zuwa ana ganin bambanci, maƙwabta kuma suna da ido. An yi shekaru masu yawa, wasu mutane suka zo da rijiyoyi da matatai na gaske, kafin abin ya bar ƙasar nan. Metir bai taɓa cewa shi ya kore shi ba, ni ma ban ce ba.

Maigari dai, wata kaka da rumbu ya cika, da ƙafarsa ya taka har kasuwar Barmu ya sayo wa uwarsa wani yadin. A cikinsa aka rufe ta bayan wasu shekaru.

Shi kuwa Metir, a hanyar dawowa kamiyo ya faɗa wani rami, karan da aka naɗe tsutsar ya maƙale a buhu, ta katse. Ƙafa ta kumbura har gwiwa. Aka koma lakwal yana kwance, ni na haɗa ajinsa da nawa. Ya tashi, amma idon sawun bai ƙara lanƙwasawa ba.

Ku da kuka yi karatu a hannunsa, kuka san shi da sanda yana jan ƙafar hagu, har wasunku suna kwaikwayon tafiyarsa a bayan aji, na gan ku, kuma na san sunayenku. To asalin abin ke nan. In an tambaye shi cewa yake tsohon ciwo ne.

Da sandar ya koma gindin gawo. Da ita ya riƙa zuwa gaishe ni lokacin da maigidana ya rasu, duk Juma'a, ya zauna a zaure ya aiko mini da dabino, ya tashi ya tafi ba tare da ya dame ni da wa'azi ba.

Ganina da shi na ƙarshe bayan Sallar da ta wuce ne. Na iske shi a tsakar gida, ƙafar a kan 'yar kujera, idanu sun yi rauni, da murya ya gane ni. Ɗiyarsa ta kawo mana ruwan leda. Ya karɓa, ya ɗaga wa haske yana ƙifta ido.

Na ce, "Metir, har yanzu? Me kake gani a ciki?"

Ya yi dariya ya ce, "Ba na ganin komai. Hannu ne ya saba."

Na ce, "Ka san dai har yau ina cewa wauta ka yi."

Ya ce, "Na yi wauta kam, amma ba ranar da kike nufi ba. Ranar hankici ce." Sannan ya ce, "Mutane in sun ji labarin ƙafata suke tausayi. Ni ban san tsutsar za ta katse ba. Inna kuwa ta san abin da take yagawa."

Da na tashi tafiya ya ce in gaida yara, in kuma daina shan sukari da yawa a shayi. Iyakar sallamarmu ke nan.

Ina cikin wannan rubutun ɗiyarsa ta kira ni, ta ce bayan azahar za a kai shi, in zo in zauna da su a cikin gida. Na ce ina tafe. Tana magana ina jin hayaniyar mutane a bayanta, sai kuma na ji wata ƙara da na sani. Yadin likkafaninsa ake yagawa.

Nan na yi kukan da ban yi da safe ba.

Allah ya jiƙan Metir Illa. Allah ya gafarta masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ƙafar da ya ja shekara da shekaru ta tsallake siraɗi ba ɗingishi. Allah ya jiƙan Inna Tsahara, ya shayar da su duka daga tafkin Alkausara. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Ba na neman ku danna komai, ba na neman ku sa hotonsa. In sai da na yi maka bayani ɗazu kafin ka san mene ne kurkunu, to ka ajiye wayar nan ka karanta musu Ƙulhuwallahu, shi da ita.

Amin.